BARAN GONA, SOJAN SARKI: GAJERUWAR RAYUWAR CLAUDE NUNNEY

  

Laccar yau ta shafi rayuwar wani Bature ne mai suna Claude Nunney. An haife shi a Ingila a shekara ta 1892, an kai shi barantakar gona a Kanada a 1905 yana ɗan shekara 13, ya shiga soji a 1915, ya mutu a Faransa a 1918 yana da shekara 26. Iyakar kwanansa ke nan a duniya. Mai saurare zai iya tambaya, mene ne ruwan mutumin Maraɗi ko na Damagaram da wani ɗan Ingila da ya kwanta dama fiye da shekara ɗari? Amsa ita ce, labarin nasa yana nuna wata ɗabi'a ta hukuma wadda ba ta da ƙabila ba ta da launi. Hukuma takan manta da ɗan talaka muddin guminsa ake ci, sai ranar da ta buƙaci jininsa take tuna sunansa, ta rubuta shi cikin babban littafi, ta auna tsawonsa da faɗin ƙirjinsa. Wannan ita ce maganar da za a bi diddiginta, daga farko har ƙarshe.

LANDAN TA TALAKKAWA

A ƙarshen ƙarni na 19, babu daular da ta kai Ingila dukiya da faɗin mulki. Jiragenta na ruwa sun cika tekuna, masaƙunta suna tufatar da rabin duniya. Amma a cikin Landan kanta akwai unguwannin da iyali guda, uwa da uba da ƴaƴa shida ko bakwai, ke kwana cikin ɗaki ɗaya. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Charles Booth, ya sa aka bi birnin titi titi ana bincike tun daga 1886, aka tarar kusan kashi 30 bisa 100 na mazauna Landan cikin talauci suke. A wancan zamani babu kuɗin tallafi ga wanda ya rasa aiki, babu ga matar da mijinta ya mutu. Abin da dokar matalauta ta 1834 ta tanada shi ne gidan aikin matalauta, inda ake raba miji da mata, a raba uwa da ɗa, a ba kowa abinci kaɗan da aiki mai yawa, don kada wani ya yi sha'awar zuwa.

Cikin wannan hali aka haifi Claude a garin Hastings, bakin teku a kudancin Ingila. Su takwas ne wurin iyayensu. Iyalin suka ƙaura zuwa Landan neman abinci, sai mahaifiyar ta rasu a 1899, Claude bai cika shekara bakwai ba. Gidan da uwa ta bari da ƙananan yara, ga talauci, sai ya watse. Mahaifin ya kasa riƙe su, yaran suka faɗa hannun gidajen marayu na cocin Katolika. Daga can ne aka yanke shawarar tura uku daga cikin mazan zuwa Kanada.

A lura da wannan wuri da kyau. Mafi yawan yaran da aka yi wa irin wannan ƙaura ba cikakkun marayu ba ne. Da yawa suna da uwa ko uba a raye, waɗanda suka ajiye su gidan marayu da niyyar su dawo su ɗauke su idan hali ya gyaru. Wasu iyayen sai bayan jirgi ya tashi suke samun takardar cewa ɗansu ya ƙetare teku.

FATAUCI DA SUNAN TAIMAKO

Wannan al'amari ya faro ne a 1869, lokacin da wata mata mai suna Maria Rye ta kwashi ayarin ƴan mata ƙanana daga Ingila ta kai su lardin Ontariyo na Kanada. A 1870 wata kuma, Annie Macpherson, ta bi sahu da ayarin samari. Daga baya ƙungiyoyi da dama suka shigo, mafi girmansu ita ce ta Dokta Thomas Barnardo, wadda ita kaɗai ta tura yara wajen 30,000. Tsakanin 1869 da ƙarshen shekarun 1930, yaran da aka kai Kanada ta wannan hanya sun haura 100,000. Turawa suna kiransu da sunan da ke nufin ƴaƴan gidan marayu.

Ƴan kasuwar da ke wannan zaure za su fi kowa saurin gane lissafin. Ingila tana da rarar yara waɗanda ciyar da su ke cin kuɗin haraji. Kanada tana da filaye marasa iyaka, ga ƙarancin hannuwan noma, domin ƴaƴan manoma suna gudu zuwa birane ko zuwa Amurka. Kuɗin jirgin yaro sau ɗaya ake biya, ciyar da shi kuwa sai an yi shekaru. Gomnatin Kanada tana ba ƙungiyoyin ladan dala biyu bisa kowane yaro, dalar Kanada fa, ba dalar tamma biyar ba. Manomi kuma ya cika takardar neman yaro, ya faɗi shekarun da yake so, namiji ko mace, ya haɗa da shaidar limamin coci ko wani babba cewa shi mutumin kirki ne. Masu nema kullum sun fi yaran yawa. Kowa ya sami riba cikin cinikin, sai wanda aka yi cinikin a kansa, shi ne ba a tambaya ba.

Ba za a ce waɗanda suka shirya abin duka mugaye ne ba. Da yawansu masu addini ne da suka ga yara suna kwana bakin titi cikin sanyi, suka gaskata cewa iskar karkara da aikin gona za su cece su daga sata da karuwanci. Amma kyakkyawar niyya ba ta zama garkuwa ga yaron da aka bari shi kaɗai a gidan da ba wanda ya san shi. Tun 1874 hukumar Ingila ta aika wani sufeto mai suna Andrew Doyle ya je ya gani da idonsa. Rahotonsa na 1875 ya nuna ana ba da yara ba tare da an binciki gidajen ba, kuma bayan an ba da su ba a cika komawa duba su ba. Hukumomin matalauta na Ingila suka dakatar da tura yaran da ke hannunsu na ƴan shekaru, daga baya aka ci gaba. An san cutar tun shekara 30 kafin a sa Claude cikin jirgi, amma ba a yi mata magani ba.

SHEKARA GOMA A GONA

A watan Oktoba 1905 Claude da wani ɗan'uwansa suka hau jirgin ruwa mai suna Tunisian, suka sauka Kebek, aka wuce da su gidan St George a Otawa, inda ƙungiyar ƙaura ta Katolika ke tara yaranta kafin ta rarraba su. A nan aka raba ƴan'uwan. Haka aka saba yi, domin manomi yaro ɗaya yake nema, ba ya neman zumunci. Claude ya faɗa yankin Glengarry, a gabashin Ontariyo, ƙasar manoman da kakanninsu suka zo daga tsaunukan Sikotlan.

Sharaɗin da ake rubutawa tsakanin ƙungiya da manomi yana da kyau a takarda. Yaro zai zauna har ya kai shekara 18. Za a ba shi ci da sha da tufafi, a bar shi ya je lakwal wasu watanni cikin shekara, ya je coci ran Lahadi. In ya ɗan girma a yanka masa ɗan lada, amma ƙungiya ce za ta riƙe kuɗin har ya balaga. Wakilin ƙungiya kuma zai riƙa zuwa duba shi, galibi sau ɗaya a shekara. To, ziyarar shekara shekara me za ta gano? Wakili ya iso bisa keken doki, mai gida ya tarbe shi, aka ba shi shayi, aka kira yaro aka tambaye shi gaban mai gidan ko yana lafiya. Wane yaro ne zai ce a'a, alhali baƙon zai tafi kafin faɗuwar rana, shi kuwa nan zai kwana?

Aikin kansa ba na wasa ba ne. Yaron da ya tashi cikin lungunan Landan, bai taɓa riƙe nonon saniya ba, shi ne za a tasa da asuba ya yi tatsa, ya kwashe kashin dabbobi, ya faskara itace, ya ɗebo ruwa. A wannan yanki na Kanada ƙanƙara takan rufe ƙasa wajen wata huɗu, sanyi yakan sauka ƙasa da awo 20 a ƙarƙashin sifiri, har ruwan guga ya daskare kafin a kai shi garke. Da damina ta zo kuma sai yankan ciyawa da girbi, lakwal ta zama sai in an sami sarari.

Gidaje sun bambanta. Wasu yaran sun dace da mutanen kirki da suka riƙe su kamar ƴaƴan cikinsu, kuma mutanen Glengarry har yau suna lissafa Claude cikin nasu. Wasu kuwa a rumbu ko a garke aka kwantar da su, aka hana su cin abinci tare da iyali, ƴan mata da yawa aka lalata su. A watan Nuwamba 1895 wani yaro ɗan shekara 15 mai suna George Green, daga gidan Barnardo, ya mutu a wata gona kusa da Owen Sound, watanni kaɗan bayan isowarsa. Likita ya tarar da alamun yunwa da duka da cizon sanyi a jikinsa. Aka kai matar gidan gaban shari'a, masu kare ta suka ce ai yaron ne dama nakasasshe, masu yanke hukunci suka kasa haɗa baki. Abin da ya raba makomar George Green da ta Claude Nunney sa'a ce kawai, domin tsarin da ya kai su ɗaya ne. Yaron da rayuwarsa ta dogara ga sa'ar gidan da ya faɗa, ba a ce hukuma tana kare shi ba.

Bayan wahalar jiki akwai ta zuciya. Jaridun Kanada da wasu likitoci sun riƙa cewa yaran nan shara ce ta titunan Landan, masu gurɓataccen jini, waɗanda za su ɓata zuri'ar ƙasa. Ƙungiyoyin ƙwadago suna ƙin su don suna karya kuɗin aiki. In aka yi sata a ƙauye, su ake fara zargi. Saboda haka da yawansu suka girma suna ɓoye asalinsu, wasu har suka mutu ƴaƴansu ba su sani ba. Su Claude kuma ajali ya fara taɓa su da wuri, domin ɗaya daga cikin ƴan'uwan uku ya nutse cikin wani kogi a Ontariyo a 1908.

RANAR DA AKA NEME SHI

A ranar 4 ga Agusta 1914 Ingila ta shiga yaƙi da Jamus, Kanada kuwa, da yake tana ƙarƙashin sarautar Ingila, ta sami kanta ciki ba tare da an nemi shawararta ba. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyon 8 ba ta sa wa mutum fiye da 600,000 kayan soji kafin yaƙin ya ƙare. Cikin ayarin farko da ya tashi a 1914, kusan biyu bisa uku haifaffun Birtaniya ne. Tsofaffin yaran gidan marayu kuwa, wajen 10,000 ne suka ba da sunansu, fiye da 1,000 ba su dawo ba.

Me ya ja su haka? Kishin sarki da ƙasa yana ciki, amma akwai dalilan da suka fi kusa da ciki da aljihu. Ƙaramin soji yana karɓar dala ɗaya da kwabo goma kowace rana, ga ci, ga tufafi, ga takalmi, abin da baran gona bai taɓa gani ba. Na biyu, jirgin soji shi ne kaɗai jirgin da zai mai da su Ingila kyauta, inda suke fatan ganin uwa ko ƙanwa da aka raba su shekara goma. Har ƙananan da ba su kai ba sun ƙara wa kansu shekaru don a ɗauke su. Na uku, kaki yana rufe asali. Cikin sahu babu mai tambayar wa ya haife ka.

Claude ya shiga bataliya ta 38 ta Otawa a farkon 1915, yana ɗan shekara 22. A takardar shigarsa sunansa Claude Joseph Patrick Nunney, garin haihuwarsa kuma aka rubuta Dublin ta ƙasar Ailan, shi ya sa littattafai suka daɗe suna kiransa ɗan Ailan kafin masu bincike su gano takardar haihuwarsa a Hastings.

Ma'aikatan buro su dubi wannan takarda. Likitan soji ya auna tsawon kowane mai shiga, da faɗin ƙirjinsa, ya rubuta launin idonsa da na gashinsa da duk wani tabo da ke jikinsa. An ba Claude lamba 410935. Daga ranar nan kowane kwabo da aka biya shi, kowane kwana da ya yi gidan likita, kowane hutu da kowane laifi, an rubuta. Takardun sojawan Kanada na wannan yaƙi suna nan ajiye, an ma gama ɗora su bisa intanet a 2018. Ashe hukuma ta iya ƙidaya, ta iya bin mutum rana rana. Yaron da aka ga ziyara ɗaya cikin shekara ta ishe shi, ga shi yanzu ana kiran sunansa safe da yamma.

DAGA SOMME ZUWA VIMY

An fara tura bataliyar gadin tsibirin Bamuda a 1915, sannan aka kai ta Ingila, ta sauka Faransa a watan Agusta 1916. Ta tarar da ƙarshen gumurzun kogin Somme, cikin taɓo da ruwan sama, inda ake sayen ƴan taku kaɗan na ƙasa da ɗaruruwan rayuka. Claude yana cikin masu riƙe bindiga mai ruwa, aikin da abokan gaba ke fara nema da harsashi.

Ranar 9 ga Afrilu 1917, Litinin ɗin bayan Ista, rundunoni huɗu na Kanada suka tasar wa tudun Vimy, arewa da garin Arras, tudun da sojawan Faransa suka zubar da jini mai yawa a 1915 ba su iya riƙe shi ba. Cikin kwana huɗu suka ƙwace shi. Mutum 3,598 suka mutu, wajen 7,000 suka ji rauni. Runduna ta huɗu, wadda bataliyar Claude ke ciki, ita ta fuskanci ɓangare mafi tsawo kuma mafi wuya. A nan ya sami lambar yabo ta farko, wadda ake kira DCM, saboda ya tsaya bisa bindigarsa duk da raunin da ya ji. Ƴan watanni bayan haka, a faɗan Avion kusa da garin Lens, ya sami ta biyu, wato MM. Ƴan Kanada suna cewa a Vimy ne ƙasarsu ta zama ƙasa. In haka ne, to cikin waɗanda suka aza harsashin ginin akwai barorin gonar da aka ce jininsu zai ɓata zuri'a.

A wannan gaɓa labarin ya gogi na Afirka. Harin Vimy share fage ne ga babban harin da Janar Nivelle na Faransa ya shirya, wanda aka buɗe ranar 16 ga Afrilu 1917 a Chemin des Dames. Cikin waɗanda aka sa gaba a can akwai bataliyoyin sojawan da Faransa ta kwaso daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, waɗanda sanyi ya kashe wa yatsu har suka kasa riƙe bindiga, aka rasa dubbai cikin ƴan kwanaki. Mako ɗaya ne tsakanin hare-haren biyu, shiri ɗaya, abokin gaba ɗaya. Ɗan talakan Landan da ɗan talakan bakin Kwara ba su san juna ba, amma dauloli biyu sun yi musu lissafi iri ɗaya.

Claude ba waliyyi ba ne. Ya kai matsayin sarjan, sannan a 1918 kotun soji ta same shi da laifin ɗaga wa na gaba da shi hannu, aka cire masa galo, ya koma ƙaramin soji. Da wannan matsayi ya shiga watanninsa na ƙarshe.

SATUMBA 1918

Daga 8 ga Agusta 1918 sojawan ƙawance suka fara tura Jamusawa baya, ƴan Kanada suna kan gaba. Cikin kwanakin farko na wannan hari aka kashe ɗan'uwan Claude, wanda suka hau jirgi tare a 1905, shi ma yana sanye da kakin Kanada. Cikin ƴan'uwa uku da aka ƙetarar, Claude kaɗai ya rage.

Ranar 1 ga Satumba bataliyar tana kusa da ƙauyen Vis-en-Artois, tana shirin afka wa ganuwar Jamusawa da ake kira layin Drocourt-Quéant, sai abokan gaba suka riga su, suka yi ruwan igwa, suka biyo da hari. Claude yana can baya a mazaunin shugaban rukuninsu. Ba wanda ya umarce shi, ya ratsa cikin wutar ya isa ramukan gaba, yana bi rami rami yana ƙarfafa wa mutane zuciya, har aka kore harin. Kashegari, 2 ga Satumba, da aka tashi babban hari, kullum shi ne gaban ƴan'uwansa. A ranar aka yi masa mummunan rauni. Ya yi kwana 16 yana jinya, ya cika ranar 18 ga Satumba 1918. Kwana 54 bayan haka aka tsai da yaƙi.

A watan Disamba 1918 aka ba da sanarwar an ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a daular Ingila, wadda sau 628 kawai aka ba da ita cikin yaƙin duka. Da ita da biyun farko, ya shiga sahun ƙananan sojawan Kanada da suka fi kowa lambobin yabo. Bai ga lambar ba, bai ji sanarwar ba. Kabarinsa yana maƙabartar soji ta Aubigny, yamma da Arras, da dutse mai ɗauke da sunansa da lambarsa, ana share shi ana shuka masa furanni har yau.

A gwada wannan da wata maƙabarta a birnin Toronto, mai suna Park Lawn. Yara 75 na gidan Barnardo aka binne can cikin filaye biyu, babu dutsen da ke faɗin sunan kowa, sai a 2017 wasu masu kishin tarihin yaran suka tara kuɗi suka kafa musu alama. Wanda ya mutu da bindiga a hannu an sassaƙa sunansa nan da nan. Waɗanda suka mutu da fartanya a hannu sun jira kusan shekara ɗari.

IHU BAYAN HARI

Yaƙin bai tsai da jigilar yara ba. Sai a 1924, bayan mutuwar wasu yaran ta tada hankalin jama'a, Ingila ta aika wata tawaga ƙarƙashin Margaret Bondfield, kuma a 1925 Kanada ta hana shigo da yaran da ba su kai shekara 14 ba in ba tare da iyayensu ba. Zuwa Ostiraliya kuwa an ci gaba da turawa har wajen ƙarshen shekarun 1960. Maganar ta kwanta, sai a 1986 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a garin Nottingham, Margaret Humphreys, ta sami wasiƙa daga wata mata a Ostiraliya mai neman iyayenta. Ba ta jefa wasiƙar cikin aljihun tebur ba. Ta bi ta, ta tono abin da gomnatoci suka binne, ta kafa ƙungiyar haɗa tsofaffin yaran da danginsu a 1987.

Faraministan Ostiraliya Kevin Rudd ya roƙi gafara a watan Nuwamba 2009. Na Birtaniya, Gordon Brown, ya yi haka a watan Fabrairu 2010. A Kanada ministan shige da fice na lokacin ya ce a 2009 babu buƙatar neman gafara, sai a watan Fabrairu 2017 dipitocin majalisar dokoki suka amince da ƙudurin ba da haƙuri, daga baya aka keɓe 28 ga Satumba ta zama ranar tunawa da yaran. A lokacin, waɗanda aka kai Kanada kusan duk sun rigaya gidan gaskiya. Mazan jiya na Nijar sun san irin wannan jira, domin Faransa ta daskarar da kuɗin fansiyonsu da dokar 1959, ba ta daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011, bayan mafi yawansu sun mutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

ABIN LURA

Jama'a, Claude Nunney ya shiga soji yana baligi, da ƙafarsa, kuma jarumtarsa tasa ce, ba mai ƙwace masa ita. Amma tafiyar da ta kai shi Aubigny ta faro ne ranar da aka sa ɗan shekara 13 cikin jirgi, manya suka sa hannu bisa takarda, kowannensu yana ganin alheri ya yi. Kada lambar yabo ta rufe wa kowa ido. Jarumtar da ya nuna a 1918 tana jikinsa tun 1905, lokacin da ake kiran irinsa shara. Bambancin kawai shi ne a 1918 akwai hafsan da aikinsa ne ya gani ya rubuta.

Yau akwai dokokin da babu su a zamaninsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijar ta rattaba mata hannu ta tabbatar da ita a 1990, a 1999 kuma aka yi yarjejeniya mai lamba 182 ta hana mafi munin aikin ƙarfi ga yara. Sai dai takardar da manomin Ontariyo ya sa wa hannu ita ma tana da kyawawan sharuɗɗa. Abin da ya rasa shi ne mai zuwa ya duba, ya keɓe da yaro, ya saurare shi, ya kuma sami ikon ɗauke shi in ya ga ɓarna.

Saboda haka duk wanda ɗan wani ke hannunsa, a shago ne, a gona ne, a gida ne ko a makaranta, akwai tambayoyi uku da labarin nan ya bar masa. Shin iyayen yaron sun san inda yake kwana, suna kuma iya zuwa su gan shi? Shin ladan guminsa yana isa hannunsa, ko wani ne ke riƙe masa har abada? Shin akwai wani babba, wanda ba mai gidan ba, da yaron zai iya kai wa kuka? Ma'aikacin da aka ɗora wa duba irin waɗannan yara kuma ya tuna, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Doyle ya rubuta gaskiya a 1875, aka ajiye rahotonsa. Humphreys ta buɗe wasiƙa ɗaya a 1986, ta girgiza gomnatoci uku. Dukansu biyu ma'aikatan sarwisi ne masu cin albashi, kamar da yawa cikin waɗanda ke zaune a nan.

Hausawa suka ce ɗa na kowa ne. In na kowa ne ranar yaƙi, to na kowa ne ranar da yake tatsar saniya cikin duhun asuba, babu mai kallonsa.

Allah ya raya zuri'a, ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta.